Kunamar da Za a Sassauta Ranar Asabar

Zuwa ga Anti Corinne,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin Asabar. Na san akwai mata a gabana a layi, masu kukan suruka da masu kukan miji mai minshari, amma tawa matsalar ba za ta jira ba.

Ni dillaliyar gidaje ce a wani gari na gabashin Oklahoma. Ba zan faɗi sunan garin ba, kuma duk sunayen da za ki gani na canza su, don idan ban yi haka ba, kafin jarida ta kai hannun mutum na uku, matar da ke gyara mini gashi ta gane ni. Tarihi na karanta a jami'a. Na yi dogon rubutu a kan yadda daular Rum ta rushe, yau ga ni ina nuna wa sababbin ma'aurata inda za su ajiye injin wanki. Ba ƙorafi nake yi ba, ina son aikina. Sai dai idan aka cire masa kwalliya, ga abin da ya rage: in shiga gidan da babu kowa tare da namijin da ban taɓa gani ba, in rufe ƙofa, in zagaya da shi ɗaki ɗaki, daga ƙarshe in kai shi bayan gida in buɗe masa ramin da ake ɓuya idan guguwa ta taso, in ce bismillah, leƙa ka ga zurfinsa. Da 'yata ce ta ce mini wannan sana'ar za ta yi, da na ɗaure ta a ƙafar gado.

Bara wata abokiyar sana'armu a wani gari ta gamu da mugu a irin wannan gidan. Ta rayu, amma ba ta koma aiki ba. Maigidana Wendell ya ji labarin a rediyo, sai da ranar haihuwata ta zo ya ce in shirya mu fita. Na sa 'yan kunne, ina tsammanin gidan cin abinci za mu. Shagon bindiga ya kai ni.

Mai shagon ya dube ni sau ɗaya, daga nan duk bayaninsa Wendell ya yi wa, kamar an kai akuya wajen likitan dabbobi. Ya ciro wata 'yar ƙaramar bindiga da ba ta fi tafin hannuna ba, ya ce, "Maigida, wannan ita ce ta mata. Madam, ɗaga ki ji, jan-bakinki ma ya fi ta nauyi." Ya ce kunamarta mai aiki biyu ce: ja ɗaya shi ke ɗana ta, shi ne kuma ke harba ta. Babu wani makulli da za ki tuna ki buɗe lokacin da hankalinki ya tashi, babu abin da zai maƙale a cikin jaka. Ya ce kunamar tana da tauri da dogon ja, don haka ba ta tashi da kanta don kawai makullin mota ya goge ta. Wendell yana ta gyaɗa kai. Ni kuwa abin da na lura da shi, mai shagon da ke yabon ƙaramar, wadda ke ƙugunsa ta ninka ta biyu.

Na yi ajin koyo na yini guda, na sami takardata, sannan muka fara zuwa filin harbi da Wendell da ƙaninsa Royce. Royce abokin wasana ne tun ranar da na shigo gidansu, kuma bai taɓa ganin abin da bai iya ba. A can na gane abin da mai shagon ya manta bai faɗa ba. 'Yar ƙaramar nan shuri take kamar jakin da aka taɓa wa gyambo. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsana ba ya samun wurin zama, yana rataye a iska. Kunamar kuma, kafin in kai ƙarshen janta hannuna ya soma rawa, bakin bindigar ya karkace, harsashin ya bar takardar da ake saitawa ya tafi ƙasa ta hagu inda ban aike shi ba. Royce ya riƙe ciki yana dariya: "Matar yaya, wai da wa kike faɗa ne, da takardar ko da tururuwa? Wallahi duk ɓarawon da ya tsaya cak a gabanki ya tsira, wanda ya sunkuya ɗaure takalmi shi ne ya shiga uku." Na yi dariya tare da su. Na dawo gida da tsamin hannu, sai zuwan ya fara ja baya, daga baya na daina. Bindigar ta koma zama a jakata tsakanin katunan sana'a da cingam, ni kuma ina jin kaina kamar wadda ta yi wani tanadi.

Sai ga wani mai kira a waya. Ya ce sunansa Mista Lyle. Muryarsa a kwance, da ladabi, irin ladabin da ke sa tsigar jiki tashi. Bai taɓa tambayar gidan cikin gari ba. Kullum na bayan gari, na ƙarshen hanyar tsakuwa, wanda masu shi suka riga suka kwashe kaya. Ba ya tambayar yawan ɗakuna ko lafiyar rufi. Abin da yake tambaya, akwai maƙwabta kusa? Kuma, "Ke kaɗai za ki zo, ko?" Duk lokacin da na ce ya fara zuwa ofis mu gaisa, sai wani uzuri ya taso. Makon jiya ya kira ya tambayi gidan Teague.

Gidan Teague tsohon gida ne a bayan gari, da baranda da 'yar gonar tumatir a bayansa. Mai shi, Baba Orval Teague, tsufa ya taɓa masa tunani, ɗansa Curtis ya ɗauke shi ya mai da shi gidansa, ya ba ni gidan in sayar. Ban taɓa ganin tsohon ba, da Curtis kaɗai nake hulɗa. Washegarin kiran Lyle, da rana tsaka, na je in buɗe tagogi in ɗauki hotuna. Na ƙi ba Lyle lokaci, amma allon da ke ƙofar gidan yana ɗauke da sunana da hotona, ina murmushi kamar mai tallan man goge baki, kuma motata tana tsaye a fili kowa na gani.

Ina cikin falo na ji ƙofar baya ta buɗe. Na tabbata a kulle take, ni na duba ta da na shigo. Sai takun ƙafa a kicin, a hankali, na namiji, mai nauyi. Ya tsaya. Aka buɗe famfo.

Anti Corinne, ni mace ce mai lura. Ina iya gane ma'auratan da za su rabu daga yadda suke duban kabad. Amma a lokacin nan babu komai a kaina sai muryar Lyle tana tambaya ko ni kaɗai ce. Ban san sa'ad da hannuna ya shiga jaka ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar falo, hannu biyu a miƙe, na saita ƙofar kicin da ke rufe, yatsana a kan kunama. Aka kashe famfo. Takun ya nufo ƙofar. Na fara ja. Ina kallon ɗan ƙarfen nan na bayan bindigar, wanda suke kira guduma, yana ɗagowa sannu sannu kamar kan ƙadangare. Kunamar nan da na sha zagi a filin harbi tana ta tafiya, tana ta tafiya, ta ƙi ƙarewa. Hannun ƙofar ya murɗa.

Tsoho ne. Siriri, da hular masu noma, da silifas na cikin gida a ƙafarsa, ya riƙe butar ban ruwa da hannu biyu tana ɗiga a ƙasa. Ya dube ni, bai ko kalli abin da ke hannuna ba, ya ce, "'Yata, ko kin ga Bernice? Na ce mata tumatir ɗin nan za su mutu, ba ta ji."

Ashe Baba Orval ne. Bernice matarsa ce. Curtis ya taɓa gaya mini ta daɗe da rasuwa.

Na ga gudumar ta koma ta kwanta. Na mai da bindigar jaka. Na ce, "Baba, ta ɗan fita, zo mu ba su ruwan." Muka fita bayan gida, ya nuna mini waɗanda ake yi wa ban ruwa a gindi don kada ganyen ya ƙone, ya nuna mini wani mutum-mutumin kwaɗo na siminti da ke bakin matakala, wanda makullin ƙofar baya yake kwana a ƙarƙashinsa tun kafin a haifi Curtis. Ashe da ƙafa ya taho daga gidan ɗansa, ta gefen titi, cikin ranar nan. Na kira Curtis na ce mahaifinsa yana nan lafiya lau, ya zo ya ɗauke shi yana ta ba ni haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri! Suna tafiya na zagaya bayan motata na yi amai.

Ban gaya wa kowa ba. Wendell ya ga na canza, ba na cin abinci, ƙarar rufe firji tana sa ni zabura. Ya matsa, sai na ba shi rabin labarin, wato na Lyle. Ranar Lahadi bayan coci, muna kan tebur a gidan surukata, ga soyayyar kuɓewa ga burodin masara, 'yan'uwan biyu suka zauna suka warware mini matsalata a gabana. Royce ya ce, "Yaya, ai ba laifinta ba ne, kunamar nan ko ni sai na yi bismillah nake janta. Akwai wani maƙerin bindiga abokina, zai sassauta mata ita ta koma kamar man shanu. Taɓawa kaɗan, tau! Matar yaya, daga nan ko ƙuda kika saita sai ya bar wasiyya." Wendell ya kama hannuna a ƙarƙashin tebur ya ce, "Kada ki damu, Asabar za mu kai ta." Na ce to. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ga abin da ke cina. Ban san ko ni na tsaya ba. Na juya abin a kaina ya fi a ƙirga. Wani lokaci ina ganin na ga hular na saki. Wani lokaci ina ganin yatsana ne kawai ya gaza, kamar yadda yake gazawa a filin harbi, tsohon ya shigo ta 'yar tazarar da ta rage. Idan na biyun ne, to Baba Orval yana raye ne saboda rashin ƙarfin yatsana da taurin wani ƙarfe, kuma ranar Asabar mijina, don ƙaunar da yake mini, zai biya a cire wannan taurin.

Amma kuma Lyle ya sake kira shekaranjiya. Ya ce ya wuce ta gidan Teague, ya ga motata. Idan na ajiye bindigar, da me zan tare shi? Idan na riƙe ta yadda take, ba na samun abin da na saita. Idan aka sassauta ta, ina tsoron wanda zai buɗe ƙofa ta gaba. Ina tsoron Lyle, ina tsoron jakata, ina tsoron fuskar Wendell idan ya ji. Shi yana ganin kyauta ya ba ni.

Ki gaya mini abin da zan yi. In bar su su kai ta?

Taki,
Mai Nuna Gidaje

*

Mai Nuna Gidaje, ƙanwata,

A'a. Bindigar nan ba ta zuwa wurin maƙeri ranar Asabar. Na fara da wannan don idan kofi ya zube a kan sauran shafin, kin dai sami amsarki. Yanzu ki zauna mu yi maganar a tsanake.

Kin ce ba ki san ko ke kika tsaya ba. Ba za ki taɓa sani ba, ni ma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba. Ki daina tona wannan ramin, babu ruwa a ƙasansa. Kuskuren ya riga ya faru tun kafin hannun ƙofar ya murɗa, lokacin da kika ɗora yatsa a kan kunama kina saita ƙofar da ba ki ga abin da ke bayanta ba. Na tabbata an faɗa muku wannan a ajin nan na yini guda, wataƙila tsakanin hutun shan kofi da rabon takardu. Jin magana daban, hannu ya haddace ta daban, kuma ranar tsoro hannu ne ke aiki, kai yana can yana ihu. Ki kuma tuna ƙofar gaba tana bayanki, motarki tana waje. Da babu komai a jakarki, da gudu kika yi. Ban faɗi wannan don in ƙara miki nauyi ba. Na faɗa ne don wannan ɓangaren ana gyara shi, wancan tambayar kuwa ba ta da gyara.

Yanzu bari in ba mazajen gidanku haƙƙinsu, don suna da shi. Ni ma na girma a gidan da ake ajiye bindiga a saman firji, kuma na daɗe ina riƙe da irin taki, saboda haka ba daga littafi nake magana ba. Abin da Royce ya gani gaskiya ne. Ƙaramar bindiga mai taurin kunama tana cikin mafi wuyar sarrafawa. Rashin nauyinta shi ke sa shurinta ya ƙare a hannunki, gajartarta tana sa 'yar karkata kaɗan ta zama babban kuskure, taurin jan kuma yana janye bakinta daga inda kika nufa. Harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa a iska, yana shiga bangon wani, wani lokaci ɗakin 'ya'yan wani. Mai shagon da ya ce ita ce ta mata ya auna ta ne da girman jakarki, bai auna ta da hannunki ba. Mun daɗe a nan muna wannan shirme: a ba mace mafi ƙanƙanta don ta fi kyan gani, alhali ita ce ta fi neman ƙwarewa.

Amma abin da mai shagon ya yaba shi ma gaskiya ne. Tana ɓoyuwa, tana da sauƙin ɗauka, don haka tana tare da ke maimakon ta zauna a gida. Babu makullin da za ki manta. Dogon jan nan kuma da gangan aka yi shi: shi ne ya tsaya a madadin makullin, shi ke sa harbi ya zama abin da aka yi niyya, ba abin da zabura ta jawo ba. Abin da ke sa ki kuskure takarda shi ne ya ba Baba Orval lokacin buɗe ƙofa. Ƙarfe ɗaya ne, ba a sassauta rabinsa a bar rabi. Bindigar da ba ta da makulli, aka kuma mai da kunamarta man shanu, aka jefa ta jaka tsakanin cingam da makullin mota, a hannun matar da ƙarar firji ke sa ta zabura, wannan ba gyara ba ne. Ki ma tambayi lauya yadda ake kallon kunamar da aka taɓa idan magana ta kai kotu. Sai dai kada ki ɗauki taurin nan ki mai da shi waliyyi. Ba birki ba ne. Mutum a firgice yana da ƙarfin da bai san yana da shi ba, kuma mutane da yawa sun ja kunama mai tauri har ƙarshe ba su ji nauyinta ba. Kin yi sa'a. Ba a gina gida a kan sa'a, ke da kike sayar da gidaje kin fi ni sani.

Wendell da Royce ba mugaye ba ne, tambayar da kika ba su suka amsa. Kin ba su rabin labari, suka kawo maganin rabin ciwo. Kafin Asabar ki zaunar da mijinki, shi kaɗai, ba a teburin surukarki ba kuma ba a gaban Royce ba, ki gaya masa duka, har da butar ban ruwan. Kina tsoron fuskarsa. Zai razana, wataƙila ya ɗora wa kansa laifi don shi ya saya. Ki bar shi ya yi. Mutumin da ya ji labari a rediyo ya riƙe shi a ciki har ranar haihuwarki, tsoro yake ji shi ma, bai dai san inda ake sayen maganinsa ba sai shagon nan. Ya fi masa sauƙi ya ji daga bakinki yau da ya ji daga bakin ɗan sanda wata rana.

Bindigar kuma ta fita daga jakarki yau, a cire mata harsasai, ta shiga akwatin ƙarfe mai makulli. Ban ce har abada ba, wannan shawararki ce, kuma mace tana da ikon ta ce ta fasa ba tare da ta ba kowa haƙuri ba. Idan kin ga za ki ci gaba, ki nemi ƙwararren malami ko malama da ba ku haɗa dangi ba, wanda ba zai yi miki dariya ba, ki koya na watanni, ba na yini ba. Ki gwada bindigogi daban daban da hannunki, mai shago ya yi magana da ke ko ki fita. Kada ki yi mamaki idan wadda ta ɗan fi girma ta fi miki biyayya. Ki sa ta a kube mai rufe kunama. Ki nemi ajin da ake koyar da lokacin da ba a harbi, don shi kika fi buƙata. Kuma ki ga mai ba da shawara kan firgici. Amai a bayan mota da ƙin cin abinci ba raki ba ne, jikinki ne ya fahimci abin da ya kusa faruwa.

Sai Lyle. Kin haɗa shi da bindigar a ƙulli ɗaya, kamar idan babu ita babu abin da ya rage. Mutumin da ke tambayar ko akwai maƙwabta, ya kuma kira ya ce ya ga motarki, ba gida yake nema ba. Gobe da safe ki gaya wa shugaban ofishinku, ki kai lambarsa da duk abin da ya faɗa wurin 'yan sanda, ki kuma sanar da sauran dillalai mata na yankinku, don ina kyautata zaton ba ke kaɗai yake kira ba. Daga yau babu wanda za ki nuna wa gida sai ya zo ofis an ga fuskarsa da katin shaidarsa. Gidan bayan gari kuwa, ko tagogi za ki buɗe, kada ki je ke kaɗai. Kina da ƙanin miji mai baki da lokaci da sha'awar kare ki. Ki ɗora shi a mota. Ya zauna a baranda yana ba tsuntsaye labarin jarumtakarsa. Babu mugun da ke son gidan da ake surutu a ƙofarsa, kuma a karon farko bakin Royce zai yi wa wani amfani.

Na bar mafi gaggawa a ƙarshe, don na ga tsoro ya rufe miki ido a kansa. Makullin nan yana nan a ƙarƙashin kwaɗon siminti. Baba Orval bai san an sa gidansa a kasuwa ba, kuma ba zai sani ba ko an gaya masa sau ɗari. Zai sake dawowa, don tumatir suna jin ƙishirwa kullum. Wata rana za ki sayar da gidan, wasu su tare, su ji ƙofar baya ta buɗe, su ji taku a kicin. Kin san jiharmu, kin san abin da ke cikin durowar gefen gado a yawancin gidajen da kike sayarwa, kuma ba kowace kunama ke da taurin taki ba. Ki kira Curtis yau. Ki gaya masa maganar makullin, a canza kwaɗon ƙofar, a san yadda za a kula da fitar tsohon, a kuma gaya wa duk wanda ya sayi gidan cewa akwai wani dattijo mai hula da zai iya zuwa neman Bernice. Ko za ki gaya wa Curtis abin da ke hannunki ranar nan, na bar miki, ki yi shawara da lauya idan kina so. Amma ki faɗa masa da nauyin da zai sa ya tashi tsaye, ba da muryar dillaliya mai kwantar da hankalin abokin ciniki ba. Ke kaɗai a duniya kika san yadda ƙofar nan take idan aka kalle ta daga falo.

Idan da hali, ki ce masa ya tono 'yan tumatir ɗin ya dasa su a bayan gidansa, inda mahaifinsa zai same su ba tare da ya taka titi ba.

Allah ya kwantar miki da hankali, ya raba ki da Lyle da ire-irensa, ya ba Wendell kunnen saurare. Baba Orval kuma Allah ya nuna masa nunar tumatir ɗinsa, ya ci su da bakinsa.

Taki,
Corinne